Daga Magamar Jibiya Zuwa Filin Yashi: Yadda Mace Ke Cin Abinci da Ƙwallon Raga

Duk wanda ya taɓa ɗauko kaya daga Katsina ya nufi Maraɗi, ya iso Magamar Jibiya ya tarar da manyan motoci sun yi jerin gwano, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a inuwar tireloli suna jiran a sa hannu a takardunsu, yara kuma na kewayawa da tiren gyaɗa da ƙwaryar fura, to, da fuska guda kaɗai ya san ma'aikacin Kwastan, watau mutumin da ke ɗaga tamfol ya leƙa, ya ƙirga buhuna, sannan ya ce a wuce ko a dakata. Haka al'amarin yake idan an tsallaka zuwa Ɗan Isa, inda 'yan duwan da jandarmomin Nijar ke nasu aikin. Abin da akasarin masu bin wannan hanya ba su sani ba shi ne, ita wannan hukuma ta Kwastan tana da ƙungiyar mata 'yan wasan ƙwallon raga wadda ake lissafawa cikin mafiya ƙarfi a Nijeriya, ta ci gasar ƙasa, ta kuma wakilci Nijeriya a gasar ƙungiyoyin Afirka. Hukumar Shige da Fice, wadda ke buga hatimi a fasfo a wannan iyaka, ita ma tana da tata, haka Sibil Difens, haka sojan ƙasa da na ruwa. Saboda haka mace da ke son ta mai da wannan wasa sana'a a ƙasar nan, galibi sai ta bi ta ƙofar masu kaki. Kuma wannan ita ce mas'alar da nake son mu yi nazari a kanta, tare da waiwayen yadda abin yake a Faransa, ƙasar da ke da dogon hannu a tarihin wasan.

Asalin wasan daga Amurka yake. Wani malamin motsa jiki mai suna William G. Morgan ne ya ƙago shi a garin Holyoke a shekarar 1895, domin dattawan da ƙwallon kwando ta fi ƙarfin gwiwoyinsu su sami abin da za su yi gumi da shi ba tare da bangazar juna ba. Wannan sharaɗi na farko har yau shi ne ruhin wasan: raga ce tsakanin ɓangarori biyu, babu mai tsallake ta, babu mai taɓa jikin abokin hamayya, ba a riƙe ƙwallo, ba a kuma bari ta taɓa ƙasa, kuma kowane ɓangare taɓawa uku kawai aka yarje masa kafin ya mayar da ita. A birnin Faris aka kafa hukumar wasan ta duniya a 1947, Bafaranshe Paul Libaud ya shugabance ta tun daga ranar har 1984. Wasan ya shiga gasar Olamfik a Tokiyo a 1964, inda matan Japan suka ɗauki zinare a gidansu.

Wancan shi ne wasan cikin ɗaki, na mutum 6 a kowane gefe, a fili mai tsawon mita 18 da faɗin mita 9, raga kuma ga mata tana kan mita 2.24, ga maza 2.43. A cikinsa an raba aiki kamar yadda ake raba shi a kowace ma'aikata: akwai mai tarbar ƙwallo, akwai mai ɗaga ta, akwai doguwar da ke tashi sama ta narka ta ƙasa, akwai masu tare ta a bakin raga, kuma tun 1998 aka ƙara wata mai riga daban wadda ba ta da aiki sai tsaron baya. Wadda ta gaji a canja ta, wadda ta rikice mai horarwa ya kira ta gefe ya yi mata nasiha. Amma ɗan'uwansa na kan yashi, wanda sai a Atlanta a 1996 ya zama wasan Olamfik, hukuncinsa ya fi tsanani ƙwarai, domin mutum biyu ne rak a kowane gefe, a fili mai mita 16 da 8, ragar tana nan a tsayinta, babu canji, babu 'yar benci, kuma idan ɗaya ta ji rauni har ta kasa ci gaba, wasan ya ƙare ke nan. Idan mai karatu ya yi ɗan lissafi zai ga cewa a ɗaki kowace 'yar wasa murabba'in mita 13 da rabi ne rabonta, alhali a kan yashi 32 ne, kuma yashin da ƙa'ida ta ce zurfinsa kada ya gaza santimita 40, wanda ke haɗiye ƙafa a duk taku, ya kuma cinye rabin tsallen mai tsalle. Ana buga zagaye zuwa maki 21, na raba gardama zuwa 15, kuma a zagayen maki 21 duk maki 7 sai a yi musayar gefe, saboda kada rana da iska su zalunci ɓangare ɗaya.

Wanda ya zauna kusa da fili zai lura da wani abu da mai kallo daga nesa ba ya gani. Kafin a bugo ƙwallo, 'yar wasan da ke tsaye a bakin raga takan mai da hannuwanta biyu bayanta, ta miƙe yatsa ɗaya a wannan hannu, biyu a wancan, ko ta dunƙule. Kowane hannu yana nufin ɗaya daga cikin abokan hamayya. Yatsa ɗaya ma'anarsa za ta tare mata hanyar da ta miƙe ta gefen layi, biyu kuwa za ta tare ta karkace, dunƙulallen hannu kuma ba za ta yi tsalle ba sam. Abokiyarta da ke baya ta karanta, ta san gurbin da aka bar mata, ta ruga can tun ƙwallo ba ta baro hannun mai duka ba. Idan ɗaya ta yi alama ta saɓa, ɗayar ce za ta sha kunya a idon jama'a, ta faɗi rub da ciki a inda ƙwallo ba ta je ba. Don haka ne ma'abota wasan ke cewa samun abokiya ya fi koyon duka wuya, kuma sau da yawa abin da ke kashe tafiyar 'yar wasa rabuwa ce da abokiyar da suka shekara biyar ko goma suna fahimtar juna.

To, mene ne ke fitar da mace daga ɗaki zuwa rana? Dalilan a bayyane suke. Daɓen ɗaki ba ya tausayin gwiwa da idon sawu, wadda ta shekara goma tana dira a kansa ɗaruruwan sau a mako jikinta yakan fara kai ƙara, yashi kuwa yana karɓar mai faɗuwa da sauƙi, shi ya sa akan ga mata sun haura shekara 35 suna bugawa a kansa. Sannan ƙasar da ba ta da mata goma sha biyu da za su iya karawa da manyan duniya, ba ta rasa biyu. Faransa ta ɗanɗani wannan da kanta. Ƙungiyar matanta ta wasan ɗaki ba ta taɓa taka Olamfik ba sai a 2024, shi ma don ita ce mai masaukin baƙi, alhali tun a Atlanta a 1996 Brigitte Lesage, wadda ta daɗe tana buga wa ƙasarta wasan ɗaki kafin ta koma yashi, ta je tare da Anabelle Prawerman. Bayan shekara huɗu Prawerman ta sake zuwa Olamfik a Sidni, a wannan karon da Cécile Rigaux. Daga nan sai aka yi dogon fari, har zuwa gasar Faris, lokacin da aka zuba yashi a gindin hasumiyar Eiffel, Lézana Placette da Alexia Richard suka fito, da kuma Aline Chamereau da Clémence Vieira. Babu wadda ta sami lambar yabo a cikinsu; Ana Patrícia da Duda na Barazil ne suka ɗauki zinare bayan sun doke 'yan Kanada. Mazan Faransa kuwa a wannan gasar suka maimaita zinaren wasan ɗaki da suka ci a Tokiyo, abin da ke nuna cewa ko a ƙasar da ke da wadata, rabon mata a wasa yakan zo a makare.

Yarinyar Faransa mai baiwar wasan tana da turba a share. Takan fara a ƙaramar ƙungiyar garinsu, idan an ga alamar tsawo da hazaƙa a kai ta cibiyar horo ta yanki inda ake haɗa karatu da atisaye, daga can mafiya fice su wuce cibiyar ƙasa da ke Tuluz, sannan ƙungiyoyi masu biyan albashi su ɗauka. Mafi shahara a cikinsu ita ce RC Cannes, wadda ta ci kofin zakarun Turai a 2002 da 2003 tare da Victoria Ravva, haifaffiyar Jojiya da ta zama 'yar Faransa. Amma wadda ta zaɓi yashi ta bar wannan inuwa, domin ba ta da ƙungiya mai ba ta albashi a ƙarshen wata. Abincinta na rataye ne a kan tallafin hukumar wasan, da kamfanonin da za su liƙa sunansu a rigarta, da kuɗin gasa, wanda idan an fitar da ita a zagayen farko ba lalle ya biya kuɗin jirgi da masauki ba. Abin mamaki kuma, ita ma Faransa ta san dabarar kaki: sojojinta suna ɗaukar fitattun 'yan wasa aiki, kuma hukumar duwan ta ƙasar ta daɗe tana riƙe da tawagar 'yan wasa, musamman masu tsere a kan ƙanƙara. A Kenya, wadda matanta suka fi kowa cin kofin Afirka, ƙungiyar gidan yari tana cikin manyan da ake tsoro. A Yamai ma akwai AS Douanes, ƙungiyar 'yan duwan, a fagen ƙwallon ƙafa. Ashe dai ba mu kaɗai ba ne.

Hikimar wannan tsari ba ta da wuyar ganewa. Rayuwar ɗan wasa gajera ce, ƙarfinsa bai cika wuce shekara goma sha biyar ba, kuma wasan da ba ya tara 'yan kallo masu biyan kuɗin ƙofa ba zai iya ciyar da kansa ba. Idan hukuma ta ɗauki yarinya aiki, ta ba ta lamba da muƙami, to, albashinta na tafiya ko ana gasa ko ba a yi, idan ta karye akwai asibiti, idan kafaɗa ta gaji ta koma ofis ko bakin iyaka, a ƙarshe kuma ga fansho. Uban da ba zai yarda 'yarsa ta tafi yawon buga ƙwallo ba, yakan sassauta idan aka ce aikin gwamnati ta samu. Sai dai tsarin yana da nasa aibi, kuma ba ƙarami ba ne. Guraben kaɗan ne, rayuwar ƙungiya kuma tana bin ra'ayin shugaban hukuma na lokacin, idan mai son wasa ne a yi ta tafiye-tafiye, idan ba ruwansa a yi shekara ana zaman jira. Bugu da ƙari, ƙungiyar hukuma ba ta da gari. Ba ta da unguwar da yara za su taso suna kallonta suna kwaikwayo, girbi take yi a inda wasu suka shuka.

Da wannan ɗan tsari matan Nijeriya suka yi abin a yaba a kan yashi. A gasar wasannin Afirka ta Barazabil a 2015, Priscilla Agera da Isabella Laju suka ɗauko zinare, kuma Agera daga baya ta zama mai horar da ƙungiyar mata ta Kwastan, watau ta kewaye da'irar sana'ar gaba ɗaya, daga ɗaki zuwa yashi zuwa allon koyarwa. A 2019 Tochukwu Nnoruga da Francisca Ikhiede suka buga gasar duniya a Hambug ta Jamus. A 2021 a Agadir ta Maroko, Nijeriya ta kai wasan ƙarshe na neman kujera ɗaya tak da aka ware wa Afirka a Olamfik ɗin Tokiyo, Kenya ta kayar da ita. Har yau kuwa matanmu ba su taka Olamfik ba a wannan wasa, na ɗaki ko na yashi. Wani abin lura shi ne, cibiyar wasan yashi a Nijeriya ba a bakin teku take ba. Tun da Injiniya Musa Nimrod ya zama shugaban hukumar wasan ta ƙasa a 2017, Kaduna ce ta zama matattara, a filin yashin da ke harabar filin wasa na Ahmadu Bello, ɗaruruwan kilomita daga Legas.

Na san abin da ke zuciyar mai karatu tun da na ambaci yashi, domin duk wanda ya taɓa ganin wasan a talabijin ya ga irin shigar da mata ke yi, kuma babu Bakatsinen da zai so ya ga 'yarsa a cikinta. Wannan uzuri ne karɓaɓɓe, amma zamaninsa ya wuce. Tun 2012 hukumar duniya ta sauya ƙa'idar tufafi, ta halatta dogon wando da riga mai dogon hannu saboda al'adu da addinan ƙasashe. A Abuja, a 2016, 'yan Masar suka ci gurbin Afirka na Olamfik, kuma a watan Agusta na wannan shekara, a bakin tekun Riyo, Doaa Elghobashy, tana da shekara 19, ta fito da kai a rufe da jiki a suturce, abokiyarta Nada Meawad da dogon hannu da dogon wando, suka kara da Laura Ludwig da Kira Walkenhorst na Jamus. An cinye su da 21 da 12, da 21 da 15, kuma babu abin kunya a ciki tunda Jamusawan nan su ne suka ɗauki zinaren gasar. Doaa ta sake komawa a 2024 tare da Marwa Abdelhady, ta buga da hijabinta a tsakiyar Faris, a daidai lokacin da gwamnatin Faransa ta haramta wa nata 'yan wasan rufe kai, hukuncin da ministar wasanni ta lokacin, Amélie Oudéa-Castéra, ta bayyana tun Satumban 2023. Baƙuwa ta sami izinin da aka hana 'yar gida. Su ma Placette da Richard, da suke da zaɓi, gajeren wando suka sa maimakon shigar da aka saba.

Ta fuskar shari'a kuwa, malamai ba su yi saɓani a kan halaccin motsa jiki ga mace ba, kuma hadisin tseren da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da Nana A'isha sananne ne a littafin Abu Dawuda. Inda maganar take shi ne sutura, da cakuɗa da maza, da tafiya mai nisa ba muharrami, kuma waɗannan sharuɗɗa ne da kowane gida zai auna da ma'auninsa. Abin da nake gani dai, a cikin wasannin zamani da wuya a sami wanda ya fi wannan sauƙin daidaitawa da su: babu kokawa, babu riƙon jiki, filinsa ƙarami ne har ya shiga cikin katangar makarantar 'yan mata, kayansa kuma turaku biyu ne da raga da ƙwallo ɗaya.

Yashi kuwa, mutanen Jibiya ba sa bukatar a yi musu bayaninsa. Gulbin Gada, wanda aka datse aka yi madatsar ruwan Jibiya, yana ratsa ƙasar ya shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, kuma idan rani ya yi, cikinsa rairayi ne shimfiɗe, wanda masu tifa ke ɗiba da shebur suna kai wa magina. Abin da Faransawa suka yi jigilarsa da kuɗi mai yawa zuwa gindin hasumiya, a nan jaki ke ɗaukowa. Gaskiya ne ba kowane yashi ke yin fili ba, sai an tankaɗe shi an fitar da tsakuwa da ƙaya da fasassun kwalabe, kuma mai laka a jiki yakan daskare bayan ruwa ya zama kamar daɓe. Haka nan a watan Afrilu da tsakar rana babu tafin ƙafar da zai jure shi, sai da hantsi ko bayan la'asar. Mutanen wannan yanki kuma sun san darajar fagen yashi tun kaka da kakanni, domin a kansa ake kokawa, kuma da aka fara gasar kokawar neman takobi ta Nijar a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ne ya ɗauka, wanda filin kokawar Maraɗi ke ɗauke da sunansa a yau. A tsarin hukumar wasan ta Afirka, wadda tun 2020 mace ke shugabanta, Bouchra Hajij 'yar Maroko, Nijeriya da Nijar a shiyya ɗaya suke, ta uku, don haka wasa tsakanin 'yan matan Katsina da na Maraɗi ba ya bukatar jirgin sama, tafiyar safiya ce a mota, in iyaka na buɗe. Sai dai an rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai, har zuwa Maris na 2024.

Amma duk wannan ba shi ne babban cikas ba. Masu horarwa sun san cewa hannun da zai iya tarbar ƙwallon da aka narko da ƙarfi, ya karɓe ta a kan damatsa biyu a haɗe ya miƙa ta daidai goshin mai ɗagawa, tun yarinya na shekara 12 zuwa 14 ake gina shi, kuma a makon farko damatsan kan kumbura su yi ja har wasu su gudu. Wurin da ake wannan gini a Arewa shi ne makarantar kwana ta 'yan mata, inda akwai katanga, da malamar motsa jiki, da sa'a guda bayan la'asar wadda babu talla babu aikin gida a cikinta. Daga can ake zuwa gasar makarantu, daga nan gasar matasa ta ƙasa da aka daɗe ana yi a Ilori kafin a mai da ita Asaba, kuma a irin waɗannan wurare ne masu horar da Kwastan da Shige da Fice ke zama a gefe da littafi suna rubuta sunaye. Yarinyar da ba ta bayyana a nan ba, ko da ta fi kowa tsawo a ƙasar Katsina, babu mai sanin tana duniya. Bayan da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamba, 2020, gwamnatin jihar ta rufe makarantun kwana, kuma ƙananan hukumomin da ke bakin daji, irin su Jibiya da Batsari da Safana, su suka fi ɗanɗana kuɗar wannan fitina. 'Yan matan da ke aji ɗaya na ƙaramar sakandare a wancan lokaci yanzu sun wuce shekarun da ake fara koyon wasan, kuma duk hukumar da za ta nemi 'yar Jibiya a ƙungiyarta sai ta jira ajin da ke bayansu.